Haƙoran Kada

Duk wanda ya san Jurandir Pacheco a garinmu ya san shi da abu biyu: tsohuwar jif ɗinsa mai launin ganye, da taurin kai a kan doka. Makanike ne, shekararsa sittin da ɗaya, ya rufe gareji amma bakinsa bai rufu ba. Shi ya tara masu jif na garin shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya ja su har ƙaramar hukuma, suka sa hannu a takarda cewa sun ɗauki riƙon tsohuwar hanyar alfadarai da ta hau dutse, kilomita tara. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata sukan fita da diga da shebur da zarto, su yashe kwalbatoci, su datse bishiyar da ta faɗi, su haƙa wa ruwa inda zai bi, sannan su gasa nama su yabi kansu. Ƙaramar hukuma kuwa abin nema ya samu. Tun ranar da aka sa hannun nan ba ta ƙara tura ko baro ɗaya can ba.

A kilomita na shida akwai wurin da ake kira Haƙoran Kada. Hawa ne tsaye, duwatsu sun turo kai daga ƙasa jere-jere, tsakaninsu ramuka masu haɗiye taya. Mai hankali in ya ga wurin juyawa yake yi, amma masu jif ba su haɗa hanya da hankali ba. Saboda Haƙoran nan ake tahowa gasa daga jihohi uku kowace shekara, a fasa fitila, a karya ƙarfe, a koma gida ana murna. Jurandir ne da hannunsa ya rubuta dokar wurin: ba a gyara Haƙora. In motarka ta kasa, kana iya jera duwatsu a ƙarƙashin taya ka haye, amma da ka haye sai ka dawo da ƙafa ka kwashe su ɗaya bayan ɗaya, ka bar wa na baya wurin yadda ka same shi. Edvaldo mai kantin magani, wanda shi ne shugaban ƙungiyar yanzu, ya taɓa mantawa da duwatsu huɗu lokacin yana sabon shiga. Jurandir ya sa shi ya koma cikin ruwan sama ya kwashe su, mutum ashirin suna kallo suna yi masa fito.

Can ƙarshen hanyar, inda dutse ya baje, gida ɗaya ne tal. Na Seu Aristides ne da matarsa Dona Zulmira, tsofaffi biyu da shanu goma sha biyu. Seu da Dona laƙabin girmamawa ne a wajenmu, kamar malam da malama. Cuku suke yi. Da can Aristides yakan sauko da shi kan alfadari ranar kasuwa, bai taɓa roƙon kowa komai ba. Bara ƙodarsa ta gaza. Likita ya ce wankin ƙoda sau uku a mako, Talata da Alhamis da Asabar, ko kuma a fara neman katakon akwatin gawa. An ce su dawo gari, Zulmira ta ce wa zai tatsi shanun. Motar asibiti kuma ta zo Haƙora ta tsaya, ta juya. Sai Jurandir ya ce shi zai kai shi kafin a san abin yi.

Wata goma sha huɗu ke nan ana neman sanin abin yin.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Neide, matarsa. 'Yarsu ta haifi tagwaye a birnin Curitiba, can nesa da mu, Neide ta tafi taya ta, da yarjejeniyar cewa zai biyo bayanta su zauna can gaba ɗaya. Wata bakwai ke nan. Sau uku yana sa rana yana ɗagawa. Jikokin nan bai taɓa ɗaukarsu ba, a waya kawai yake ganinsu, suna girma suna canza fuska. Da suka yi magana a farkon Satumba, muryarta ba faɗa a ciki, kuma shi ya fi tsoron haka da faɗan.

"Za a yi musu baftisma ran biyar ga wata mai zuwa," in ji ta. "Na gaya wa limamin coci kakansu zai zo. Jurandir, in ba za ka zo ba, kada ka ƙara ce mini wata rana. Na gaji da shirya gado ina kwashewa."

"Zan zo."

"Haka ka ce a bikin Ista."

Ya je ƙaramar hukuma ya roƙi motar gyaran hanya. Wata yarinya mai fara'a ta ciro takarda daga fayil, ta juyo masa ita, ta ɗora yatsa kan sa hannunsa. Hanyar ƙungiya ce, ƙungiya ce ke riƙonta. Ya daɗe yana kallon sunansa da ya lanƙwasa da yanga lokacin yana jin kansa. Wanda ya ɗaure kura, in ji masu magana, shi ya san yadda zai kwance ta. A bakin ƙofa ya gamu da Gilmar, direban motar asibiti, ya riƙe masa hannu.

"Tsakani da Allah, in babu Haƙora, motarka za ta hau?"

"Sauran hanyar ai kun gyara ta kamar tsakar gida, Seu Jurandir. Haƙoran ne kaɗai. Ka cike mini ramukan nan da dutse, ka danne, ni zan riƙa ɗauko tsoho. Amma sai na gani da idona, motar ba ta ubana ba ce."

Suka ajiye magana a kan Litinin ɗin ƙarshen wata. Ranar Laraba kuma Jurandir zai hau motar Curitiba, har ya sayi tikiti.

Nan ne ya yi wautar da har yau in an tuna sai a girgiza kai. Bai gaya wa ƙungiya ba. Ya buɗe baki sau biyu a gaban Edvaldo, sai ya tuna ranar duwatsu huɗun nan, maganar ta koma ciki. Shi da ya kori mutum daga ƙungiya saboda ya zuba tsakuwa a rami, shi ne zai tsaya ya ce a rufe wa Kada baki? Kunya ta hana shi. Ya ce a ransa bari ya gama tukuna, in ya so ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mako uku ya yi yana aikin shi kaɗai, a ranakun da ba asibiti. Yana ɗebo duwatsu daga bakin rafi a bayan jif, ya sauke, ya mirgina, ya jera manya a ƙasa, ƙanana a sama, ya cusa tsakuwa, ya bi da taya ya danne. Farcen yatsunsa biyu suka yi baƙi. Bayansa ya riƙe har sai ya dafa mota kafin ya miƙe. Seu Aristides yana ganin aikin yana ƙaruwa duk ranar da suka sauko, sai ran nan ya miƙo masa wani cuku da ya shekara a kan katako, irin wanda ba ya sayarwa.

Asabar ɗin ƙarshen wata Jurandir ya sauko da tsoho tun da sanyin safiya. Motar ta bi kan Haƙora lafiya lau, ko kofin da ke hannun Aristides bai zube ba. Ya san ranar aikin ƙungiya ce, amma shi da kansa ya rubuta wa ƙungiya cewa kwalbatocin ƙasa za a yashe, kilomita na ɗaya da na biyu. Kuma ya san halin mutanensa: talatin za su ce suna zuwa, shida su zo, su gaji kafin rana ta yi tsaka. A asibiti ya zauna awa huɗu a kan bencin da ya riga ya san kowane ƙusa a jikinsa, yana tunanin abin da zai saya wa tagwaye.

Da suka dawo da la'asar, tun daga kilomita na biyar ya fara ganin motoci a gefen hanya. Bai taɓa ganin yawansu haka ba sai ranar gasa. Yana shan kwana ta ƙarshe ya ji ihu da tafi, ga hayaƙin nama, ga wani dogon ƙyalle an ɗaure tsakanin bishiyoyi biyu, an rubuta masa sauka lafiya da manyan haruffa. Bayan ƙyallen kuma ga Haƙoran Kada, tsirara, kowane rami a buɗe, an ma share su da tsintsiya.

Edvaldo ya rugo, riga sharkaf da gumi, ya buɗe masa ƙofa.

"Tsohon Kada! Sauko ka sha labari. Mun ce bari mu yi maka bankwana a nan, mu ba ka mamaki, sai mu ne muka sha mamakin. Ka san wani ɗan iska ya cike mana Haƙora? Kaf! Ya mayar da su kamar ƙofar coci. Ai ka bi ta kai da safe, ka gani."

"Na gani," in ji Jurandir.

"Mun san abin ya ci maka rai, shi ya sa ka yi shiru. Muka ce ba za mu bari ka bar garin nan da wannan baƙin cikin ba. Mutum ashirin da bakwai, tun ƙarfe tara!"

Tonico mai gidan burodi ya matso yana nuna tafin hannunsa da ya saluɓe. "Ko wane ne, ya iya aiki, shege. Da ƙyar muka ɓanɓaro na ƙasan. In na kama shi sai na sa ya haɗiye guda."

"Ina duwatsun?"

"A kwazazzabo mana," in ji Tonico. "Ka ɗauka za mu bar masa su a gefe ya dawo ya mayar? Mun tura su ƙasa duka. Ai kai ka koya mana."

Jurandir ya taka zuwa bakin kwazazzabon ya leƙa. Zurfinsa ya fi tsayin hasumiyar coci, ƙasan duk ƙaya ne da kurmi, ko dutse ɗaya ba a gani. Fushi yake so ya yi, amma ya rasa da wa. Mutanen nan ƙaunarsa suke yi, shi ya sa suka bar shagunansu suka ƙwanƙwatse hannuwansu.

"Mun bar maka guda ɗaya," in ji Edvaldo, ya miƙo masa sandar ƙarfe. Can a tsakiyar hawan akwai wani faffaɗan dutse da ya rage a rami. Jurandir ya san shi. Rabin yini ya yi yana mirgino shi daga rafi. "Kai za ka cire na ƙarshe, a ɗauki hoto."

Wayoyi suka ɗagu. Jurandir ya riƙe sandar, ya dubi motarsa. Seu Aristides yana zaune a gaba, fuska fayau bayan wankin ƙoda, bandeji a hannu, tagar a buɗe.

"Ni na jera su," in ji Jurandir.

Wani ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye.

"Ni ne ɗan iskan. Mako uku na yi. Gilmar ya ce in na cike ramukan zai riƙa hawa da motar asibiti ya ɗauko Seu Aristides. Jibi zai zo ya duba. Laraba zan tafi wajen matata." Ya ajiye sandar a ƙasa. "Da zan tafi."

Kitse yana ta tsartuwa a kan garwashi.

"Haba, Jurandir," in ji Edvaldo a hankali. "Me ya hana ka faɗa? Mu mun ɗauka zuwan nan da kake yi jin daɗinsa kake. Kullum kana hawa Haƙora sau shida a mako, har hassada muke yi maka."

"To mu mayar mana," in ji wata Marlene, mace ɗaya da ke tuƙa tata jif ɗin a ƙungiyar. "Mu ashirin da bakwai ne. Gobe Lahadi."

Ba wanda ya ce a'a. Sai dai idanu suka fara kallon ƙasa. Wani ya tuna cewa gasar shekara saura mako biyu, mutane sun riga sun kama ɗakuna a gari, kuma don Haƙora suke zuwa. Wani ya ce duwatsun bakin rafi ai Jurandir ya kwashe masu kyan. Wani ya ce takardar ƙaramar hukuma ta ce a kiyaye hanya yadda take. Edvaldo ya share fuska da riga ya ce a bari gasa ta wuce, sannan a zauna a duba. Kowa a wurin ya san bayan gasa ruwa ke sauka, kuma in ruwa ya sauka ba dutsen da ke zama a Haƙora sai Afrilu.

"Amma tafiyarka tana nan," in ji Edvaldo da ƙarfi, don ya ji daɗin kansa. "Za mu yi karɓa-karɓa. Wa zai riƙa kai Seu Aristides asibiti?"

Hannu ashirin suka tashi. Jurandir ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Shekara goma sha ɗaya yana ganin hannuwan nan suna tashi. Ya shiga mota ya sa giyar ƙarfi, jif ta kama Haƙora tana kuka tana karkacewa, tsoho yana riƙe da ƙarfen gaba da hannunsa mai lafiya. Ba wanda ya tafa da suka haye.

Litinin Gilmar ya zo, ya fito daga mota, ya tsaya ya riƙe ƙugu. Bai ma tambayi abin da ya faru ba, labari ya riga ya zaga gari. Ya ce wa Jurandir ya yi haƙuri, ya juya. Zuwa yammacin ranar, hannu ashirin sun koma suna uku a takarda: Marlene, wadda take koyarwa a makaranta kuma Asabar kaɗai take da ita, da Edvaldo, da Tonico, wanda ya ɗauki Talata. Jurandir ya haɗa jakarsa duk da haka. Ya ninke rigarsa ta zuwa coci ya sa a sama, ya ajiye jakar a bakin ƙofa.

Talata da asuba wayarsa ta yi ƙara. Tonico ne, murya duk a sanyaye. Ɗaya daga cikin ma'aikatansa bai zo ba, burodi na cikin tanda, kuma gaskiya shi bai taɓa hawa Haƙora ba tare da wani yana nuna masa inda zai sa taya ba. Yau kaɗai, don Allah. Alhamis za a san abin yi. Jurandir ya kashe wayar, ya tsallake jakar, ya ɗauki mabuɗi.

Ya isa gidan rana ta fara haska kan shanu. Kullum a irin wannan lokaci yakan tarar da Aristides a bakin shinge, da farar riga da hula da ledar takardun asibiti. Yau yana zaune kan kututture a ƙofar ɗakin cuku, da tsohon wandon aiki, ba takalmi. Ƙafafunsa sun kumbura. Dona Zulmira tana ciki tana tace madara, ta ba su baya, ba ta fito da kofi ba kamar yadda ta saba.

"Seu Aristides, mun makara. Ina takalmin?"

"Zauna, Jurandir."

"Ba lokacin zama. Ƙarfe bakwai za su ba wani gadonka."

"Su ba shi. Ni na gama sauka." Tsohon ya faɗi haka kamar mai cewa za a yi ruwa. "Na ji komai ranar Asabar, kunnena ba ƙoda ba ne. Wata goma sha huɗu ka yi kana jigilar gawa, matarka tana can tana jira. Ni shekarata saba'in da tara. A gidan nan aka haife ni. Likita ya ce in na daina, kwana goma ne ko makamancin haka, kuma barci ne yawanci. Mun yi magana da Zulmira."

Daga cikin ɗakin aka ji bokiti ya bugi ƙasa. Zulmira ba ta juyo ba.

"Ka tafi ka ɗauki jikokinka," in ji Aristides. "Ba wanda zai zarge ka. Ni na ce, kuma a gaban mutane zan faɗa in kana so."

Gaskiya ɗaya ce, kuma Jurandir bai taɓa ɓoye wa kansa ita ba daga baya: ya ji daɗi. Na ɗan lokaci kaɗan, kamar ƙiftawar ido, ƙirjinsa ya buɗe. Ya ga kansa a cikin motar Curitiba, ya ga Neide a tasha. Ƙofa ce aka buɗe masa, ba shi ya nema ba, kuma babu abin da ake so ya yi sai ya ce to. Sai kunya ta biyo baya, irin wadda bai taɓa ji ba, har ta fi ta ranar Asabar. Ya tsani tsohon nan a lokacin, ya tsani hanyar, ya tsani kansa fiye da duka.

"Dona Zulmira," ya ce. "Miƙo mini takalminsa da ledar."

Ta fito da su nan take. Ashe suna ajiye a bayan ƙofa, farar rigar ma a ninke a kai. Ba ta iya kallon idon Jurandir ba.

"Na ce ba na zuwa," in ji Aristides. "Kai kurma ne?"

Jurandir ya sunkuya, bayansa ya yi ƙara, ya sa hannu ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyin tsohon, ɗaya a bayansa, ya ɗaga shi cak. Bai fi nauyin ɗan maraƙi ba. Aristides ya zage shi, ya zagi jif ɗinsa, ya kai masa naushi a kafaɗa da hannun da ba ƙarfi. Jurandir ya zaunar da shi a kujera, ya ɗaure masa bel, ya durƙusa ya sa masa takalmi ɗaya bayan ɗaya. Zulmira ta tura ledar ta taga, ta riƙe ƙofar motar da hannu biyu.

Suka yi tafiyar kilomita uku. Da suka iso saman Haƙora, Jurandir ya tsayar da mota don ya canza giya. Daga nan ana hango gari a ƙasa, da babban titi, da motoci ƙanana suna wucewa kudu.

Tsohon ya share ido da bayan hannu. "Alhamis ma haka za ka ɗauke ni kamar buhu?"

"Alhamis ma."

"Motarka ta Curitiba fa gobe ce."

"Na sani," in ji Jurandir. "Riƙe ƙarfen nan da kyau, za mu sauka."